Sambo Teku da Laifin da Aka Ɗora wa Shanu

Da daminar bana shekara tara ke nan da rasuwar Malam Sambo na Turba, wanda mutanen Isa da Sabon Birni suka fi sani da Sambo Teku. Wasu don tsokana suke kiransa haka, wasu don girmamawa, shi kuwa duk wanda ya kira sai ya amsa. Abokina ne tun muna kwalejin horon malamai. Ni Bagobiri ne ɗan Sabon Birni, ban daɗe da fara koyarwa ba na ajiye alli na koma fataucin gidanmu tsakanin kasuwanninmu da Maraɗi. Shi Bafillace ne, ya riƙe alli har ƙarshen ransa, yana koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Isa. Yana ce mini Ɗan Gobir, ina ce masa Bahillace, kuma ban tuna ranar da ɗayanmu ya ji haushi ba.

Wanda zai fahimci Sambo sai ya fara sanin mahaifinsa, Baffa Juli, da abin da ya same shi a babban farin shekarun tamanin. Matasan yau labari suke ji. Mu mun ga gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye, mun ga Gulbin Bunsuru ya koma rairayi tun kafin kaka ta wuce. Baffa Juli yana da garke wanda in ya nufi mashaya sai masu wucewa su tsaya kallo. Cikin damina biyu ya ƙare, saura 'yan ƙwarori waɗanda sai an ɗaga su suke tashi.

Ana cikin wannan hali wasu jami'ai suka zo daga birni, aka tara manoma da makiyaya a ƙofar hakimi. Muna hutun makaranta, ni da Sambo muna tsaye a baya. Babban cikinsu ya yi jawabi da Turanci, tafinta yana mayarwa. Abin da ya ce shi ne mu muka jawo wa kanmu. Shanu sun cinye ciyawa, an sare itatuwa, ƙasa ta zama tsirara, shi ya sa ruwa ya gudu. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, abin da aka koya masa ke nan, kuma a lokacin haka masana da yawa suka ɗauka. Amma yana rufe baki wani manomi ya juya ya nuna Baffa Juli da yatsa ya ce, "To kun ji. Ga su nan zaune." Tsohon ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Sambo ya gaya mini cewa da suka isa ruga mahaifinsa ya ce masa, "In gaskiya mutumin ga ya faɗi, to ni na kashe su da hannuna, na kashe geron mutane kuma." Daga ranar Baffa Juli ya daina zuwa kasuwa. Ya riƙe 'yar gonarsa da sauran dabbobin da suka tsira, ya rage magana. Shekara kusan ashirin yana haka.

Abin da ya fi ci wa Sambo rai shi ne wannan maganar ce a manhajar da aka ba shi ya koyar. Duk shekara sai ya tsaya gaban yara, 'ya'yan manoma da 'ya'yan makiyaya a benci ɗaya, ya rubuta a allo cewa yawan kiwo ke kawo fari. Ya ce mini in ya juya yakan ga wasu yaran sun sunkuyar da kai, kuma ya san ko 'ya'yan wa ne. Bai ƙaryata abin ba, don ba shi da hujja. Sai ya duƙufa dashen itatuwa da ɗalibansa, kamar mai neman gafara a madadin wani. Itatuwan dogon yaro da ke ba da inuwa a harabar makarantar har yau, yawancinsu hannunsa ne.

Sauyin ya zo ne lokacin da aka zaɓe shi cikin malamai da ma'aikatan gona da za su yi wani gajeren kwas kan hasashen damina a Yamai. Ni na kai shi Maraɗi a motar kayana na sa shi a bas. Da ya dawo, ko gida bai je ba, ya zarce rumfata a kasuwar Sabon Birni da jakarsa a kafaɗa. Ban gama yi masa sannu da zuwa ba ya ce, "Ɗan Gobir, ba shanu ne ba."

Na ce, "Mi ne ba shanu ba? Zauna ka sha ruwa tukuna."

Bai sha ba. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana mini Afirka da tsinke, ya zana teku a yamma da kudu. Ya ce ruwan da ke sauka a Gobir ba a Gobir ake haifarsa ba. Rana ke dafa saman teku, tururi ya tashi, iskar damina ta kwaso shi daga kudu maso yamma ta kawo mana. Kuma hadari, in ji shi, ɓangaren da ya fi ɗumi yake bi. In ruwan tekun da ke arewa ya fi na kudu ɗumi, sai damina ta hauro har ta wuce mu ta shiga Nijar. In na kudu ne ya ɗumama, na arewa ya yi sanyi, sai ta tsaya can wajen gaɓa tana zuba wa masu rogo, mu muna kallon sama. Ya ce har wani teku da ke can bayan duniya, wanda in rana ta fito mana mutanen can dare ne gare su, in samansa ya yi zafi fiye da yadda ya saba, mukan ji a jikinmu. Masana sun koma sun duba yadda ɗumin tekuna ya kasance a shekarun farin nan, suka ga ya yi daidai da guduwar ruwanmu.

"Ka duba," ya ce, "fari ya kama tun daga Senegal har Sudan lokaci guda. Shanun Baba ne sunka yi wanga aiki duka?"

A wurin kwas ɗin ya zauna ɗaki ɗaya da wani mutumin Maroko, suna haɗa Larabci da guntun Faransanci suna fahimtar juna. Wannan mutumin ya ba shi mamaki ƙwarai, don ya ce su a lokacin sanyi ruwansu ke sauka. Sa'ad da muke rufe rumbuna, su lokacin suke shuka alkama suna duban yamma, kuma ƙanƙarar da ke taruwa a kan duwatsunsu ita ke narkewa ta cika musu koguna. In teku da iskar da ke kansa suka karkatar da hadari ya yi arewa zuwa ƙasashen Turawa, alkamarsu ta mutu, can kuma a yi ta fama da ruwa. Sambo ya daɗe yana juya wannan a ransa. Yakan ce manomin alkama a can da manomin gero a ƙauyenmu na Kamarawa ba su san juna ba, ba su jira a wata ɗaya ba, amma bakin rijiya ɗaya suke tsaye.

Ya kamata in faɗi cewa bai taɓa cewa sare itace ba laifi ne ba. Har ya rasu yana faɗa da masu gawayi. Yakan ce gatari na kashe ƙasa, yana sa ruwan da ya sauka ya gudu bai shiga ba, kuma yana ƙara wa fari zafi. Abin da ya ƙi shi ne a ɗauki masifar da ta taso daga nisan duniya a rataya a wuyan maƙwabci.

Washegarin dawowarsa daga Yamai ya ce in raka shi Turba. Muka tarar da Baffa Juli a kan tabarma gindin aduwa, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Sambo ya durƙusa ya yi masa bayani da Fillanci, a hankali, ni ina tsintar abin da na iya. Tsohon ya saurara har ƙarshe. Sai ya tambaya da Hausa, ina jin don ni ma in zama shaida, "Tekun ga, wa ke kiwo cikinai?"

Sambo ya ce, "Ba kowa, Baba."

"To wa za a kama?"

"Ba kowa. Ikon Allah ne, ta can ya biyo."

Baffa Juli ya gyara zama a kan tabarmarsa. Can sai ya fara kiran sunayen shanunsa da suka mutu, ɗaya bayan ɗaya, da irin muryar da makiyayi ke kiran nagge in ta yi nisa. Hawaye na bin gemunsa bai share ba. Da ya gama ya ce a wanke masa farar rigarsa, ranar kasuwar Isa yana son a kai shi kara, wurin da ake cinikin shanu. Aka kai shi. Bai sayi komai ba, bai sayar ba. Ya zauna cikin tsofaffi yana shafa bayan bijiman mutane yana faɗin wanda zai yi ƙiba da wanda ba zai yi ba. Bai cika shekara biyu bayan haka ba ya rasu.

Duk wannan magana ta teku, Sambo bai taɓa ganinsa ba. Wata shekara ina da kaya a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, na ce ya zo mu je. Da muka isa gaɓa ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya tsaya igiyar ruwa na dukan ƙafarsa. Ya sunkuya ya tsoma hannu ya daɗe bai cire ba. Ya ce, "Ashe da ɗumi." Sai ya ɗaga kai ya dubi gajimaren da ke tafiya arewa ya ce, "Waɗancan gida za su. Sun riga mu." Mutum mai furfura, amma ranar kamar yaron da aka kai kallon jirgi.

Daga nan ya ɗora wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi. Duk gabanin damina sai ya nemo hasashen da masana suka fitar, ya hau babur yana bin ƙauyuka ranar Juma'a yana fassara wa mutane. Ba kowa ya so abin ba. Aka fara cewa malamin boko ya shiga duban gaibu. Limamin wani ƙauye, dattijo mai adalci, ya kira shi gaban jama'a ya tambaye shi. Sambo ya ce, "Allah gafarta Malam, in matar gida ta ga hadari ya haɗu gabas ta kwashe shanya, ta yi duba?" Liman ya ce a'a. Ya ce, "To ni ma hadari nika kallo, sai dai nawa na da nisa. Wanda ke kora iska shi ke ɗumama teku, kuma in ya so ya hana, ba mai sa shi." Liman ya ce ya ci gaba, amma ya riƙa cewa in Allah ya so. Sambo ya ce da ma bai taɓa bari ba.

Shekarar da ta gwada shi ita ce wadda hasashe ya nuna ruwa zai yi gardama, mai yiwuwa ya ɗauke a tsakiya. Ya bi ƙauyuka yana cewa kada a zuba iri duka a ruwan farko, a nemi gero mai saurin nuna, makiyaya su rage dabbobi tun suna da nama a jiki. Wani manomi a Gatawa, Alu, wanda nake sayen wake a hannunsa, ya bi shawarar duk da 'yan'uwansa na yi masa dariya. Ruwa kuwa ya ɗauke a yankinsu daidai lokacin da gero ke neman fitar da kai. Gonakin da ke kewaye da shi suka ƙone, shi ya ɗaure dammunan da suka kai gidansa har wata damina, ya kuma ba masu dariyar iri.

Amma a Kamarawa ruwa bai ɗauke ba ko kaɗan. Waɗanda suka ji maganar Sambo suka bar maiwarsu mai jinkiri suka shuka ɗan gajeren gero, sai ga maƙwabtansu da suka yi kunnen ƙashi sun fi su cika rumbu nesa ba kusa ba. Wani ma geronsa ya nuna cikin ruwa ya ruɓe. Na ce masa ya ɗan kauce wa garin har zuciya ta huce. Ya ce, "Za ni. Ni na kai musu magana, ni za ni ɗauko amsarta." Ya je ya zauna a tabarmar ƙofar masallaci, aka yi ta faɗa masa maganganu, wasu masu zafi ƙwarai, bai katse kowa ba. Da suka gama ya ce, "Na ce mai yiwuwa, kun ji tabbas, kuma ni ne ban nanata ba yadda ya kamata. Teku na faɗin abin da zai faru ga ƙasa mai faɗi, bai san gonar wane da ta wane ba. Ku yi haƙuri." Wasu sun haƙura, wasu har ya rasu ba su sake gaishe shi da fara'a ba. A shekarar ne sunan Teku ya manne masa. Da shekara ta zagayo kuma ya sake hawa babur ya koma, har da Kamarawa.

Ciwon ƙoda ne ya ɗauke shi, bayan jinyar 'yan watanni a Sakkwato. Lokacin an fara jin labarin satar shanu da harbe-harbe daga wajen Zamfara, amma wutar ba ta iso mu sosai ba. Wani lokaci nakan ce Allah ya yi masa sutura da bai ga abin da ya biyo baya ba. Wani lokaci kuma nakan ce da yana nan da mun sami mai gaya mana gaskiya.

Da zai dawo yau, akwai abin da zai faranta masa. Hasashen da yake wahalar nema yanzu a rediyo ake karanta shi da Hausa, yana kuma shigowa wayar hannu. Manomi ya daina jin kunyar tambayar yaushe ruwa zai zauna. Zai kuma damu da jin cewa tekunan duniya sai ƙara ɗumi suke yi, don mun ga alamarsa da idonmu. Ruwan da a da yake sauka a hankali cikin mako, yanzu yakan zubo a yini ɗaya ya rushe katanga ya kwashe gada, sannan ya yi shiru. Na san da zai zauna ya zana mana dalili a ƙasa.

Amma akwai abin da ban san yadda zai ɗauke shi ba. A 'yan shekarun nan an yi damina mai kyau wadda kakanninmu za su yi wa sadaka don godiya. Ruwa ya sauka a Gatawa, ya sauka a Turba, ƙasa ta jiƙa har ƙasan garma, gonaki na kwance ba mai shiga. Alu yana nan Sabon Birni yanzu a ɗakin aro gidan surukinsa. 'Yan bindiga sun kashe masa ɗa a bakin gona, sun ce kuma sai an biya su kafin a yi noma. In hadari ya haɗu yakan fito ya tsaya a ƙofar gida yana kallon gabas, hannunsa a baya. 'Yan'uwan Sambo kuwa an kore musu shanu tun farkon abin, suka tsallaka Nijar da abin da ya rage. Ƙanensa ya gaya mini in ya shigo kasuwa sai ya ga ana janye yara daga kusa da shi, alhali wanda ya kore masa garke shi ne ya kashe ɗan Alu, ko ɗan'uwansa a ta'asa.

Sambo ya ƙare rayuwarsa yana nuna mana cewa wata masifar ba hannun mutum a ciki. Wannan kuwa da hannun mutum, kuma na tabbata ba zai nemo wa mai kisa uzuri daga teku ko daga sama ba. Ya sha gaya wa ɗalibansa cewa fari na sa yunwa, amma ba fari ke ɗora wa mutum bindiga a kafaɗa ba. Haka kuma na tabbata ba zai yarda a sake nuna wa jama'a guda yatsa don laifin wasu ba, ya riga ya ga abin da hakan ke yi wa mutumin kirki. Da ya sha zagi daga ɓangare biyu, kuma da bai fasa zuwa ba.

In na auna abin da ya bari, ba shi da yawa a ido. Bai gina gidan bene ba, bai rubuta littafi ba, babur ɗinsa ma an sayar wajen jinya. Amma ɗalibansa na nan cikin ma'aikatan gona da malaman makaranta da direbobi da masu shago, Gobirawa da Fulani, kuma nakan gane su cikin taro. Su ne in an ce wane ne ya jawo, sukan ce a dakata, daga ina abin ya taso tukuna? A wannan zamani da kowa ke da amsa tun kafin a yi tambaya, ban raina wannan gado ba.

A Turba aka binne shi, kusa da mahaifinsa. Shekara huɗu ke nan ban iya zuwa ziyara ba, hanyar ba ta biyuwa. Kwanan baya na je Isa gaida matarsa, Inno, wadda ke zaune wurin babban ɗansu. Na ce mata abin na damuna, ko ciyawar kan kabarin ban san mai cirewa ba. Ta gama tsince shinkafar da ke faifanta. Sannan ta ce, "Bari damuwa, Malam Garba. Jiya da la'asar na ga hadari ya yi wajen. In mu an hana mu, shi hadari ba mai tare mai hanya."

Allah ya jiƙan Malam Sambo, ya sanyaya makwancinsa, ya kuma nuna mana daminar da mai gona zai koma gonarsa, mai shanu ya koma mashayarsa.